Aikin da Ake Yi Muna Barci: Waiwaye Kan Yadda Manhaja Ta Iso Wayoyin Ɗanbatta

Duk wanda ya san yadda ake zagayen rigakafin shan inna a ƙauyukan Ɗanbatta shekaru ashirin da suka wuce, ya san aiki ne na takarda da biro da alli. A ɗiga wa yaro magani, a shafa masa tawada a ɗan yatsa, a yi alama da alli a jikin bangon gidan, a ja layi a takardar ƙidaya. Da yamma a tattara takardun a mazaɓa, a kai sakatariyar ƙaramar hukuma, daga nan su wuce Kano. Alli da tawada suna nan har gobe, amma mai duba aiki yanzu waya ce a hannunsa. A cikinta yake cike fom, ita take rubuta inda ya tsaya da lokacin da ya tsaya, kuma da zarar ya fito inda ake samun sabis, bayanin ya tafi.

Manhajar da ke cikin wayar nan tana da dogon tarihi, kuma ba don irin wannan waya aka fara rubuta ƙashin bayanta ba. Sai da wasu suka ɗauke ta daga wata babbar manhaja suka dasa ta a wata, sannan suka ɗaure wa kansu wata ɗabi'a da ta hana ta mutuwa a sabon gidan. Wannan ɗabi'ar ita ce haɗin dare, kuma ita nake so mu waiwaya, domin ita ce take yanke hukuncin wanda manhaja za ta yi wa aiki da wanda za ta bari a baya.

Manhaja rubutu ce tun farko. Mutum ne yake zama ya jera umarni layi bayan layi, cikin wani yare da maginan manhaja suka ƙware a kai. Wannan rubutun shi ne tushe. Na'ura ba ta jin sa kai tsaye, sai an juya shi zuwa abin da masarrafarta take ganewa, an harhaɗa gutsattsarinsa, an ƙulle su a ƙunshi ɗaya da za a iya sakawa a waya ko kwamfuta. Kowace babbar manhaja kuwa, wato wadda take riƙe da ragamar na'urar baki ɗaya kamar Windows ko Linux ko Android, da nata sharuɗɗan. Ƙunshin da aka haɗa don Windows ba zai buɗe a Android ba. To idan tushen a buɗe yake, kowa yana da izinin karantawa da gyarawa da rabawa, hannaye da yawa ne suke taɓa shi a wuni ɗaya daga ƙasashe daban-daban. Haɗin dare shi ne a saita wata na'ura, kowane dare, ba tare da sa hannun kowa ba, ta ɗebo duk abin da aka rubuta a ranar, ta haɗa, ta gwada, ta ajiye sakamakon inda kowa zai gani da safe.

Inda abin ya samo asali

A farkon zamanin kwamfuta, manhaja da na'urarta tare suke rayuwa, tare suke mutuwa. An fara warware wannan ƙulli a dakunan bincike na Bell da ke Amurka, lokacin da Dennis Ritchie da Ken Thompson suka sake rubuta babbar manhajar Unix da yaren C a 1973. Daga nan rubutu ɗaya ya zama ana iya haɗa shi don na'urori iri-iri. A 1977 aka tabbatar da haka a Jami'ar Wollongong ta Ostareliya, inda aka ɗora Unix a kan kwamfutar Interdata, na'urar da ba don ita aka yi shi ba.

Shekara guda kafin nan, a 1976, Stuart Feldman ya rubuta wata ƙaramar manhaja mai suna Make. Abin da ya tunzura shi ya faru da abokin aikinsa ne, wanda ya ɓata safiya guda yana neman kuskuren da tuni ya gyara, ashe an manta ba a sake haɗa sashen da ya taɓa ba. Make takan duba abin da ya canza ta sake haɗa shi da duk abin da ya dogara da shi. Tun daga ranar, haɗa manhaja ya tashi daga abin da mutum yake riƙewa a ka, ya koma abin da aka rubuta, wanda na'ura za ta iya maimaitawa.

Richard Stallman ya ƙaddamar da shirin GNU a 1983 da nufin samar da manhajar da kowa zai mallaki 'yancin gyarawa. A 1991 Linus Torvalds, yana ɗalibi a Helsinki, ya saki Linux, wadda ya rubuta don masarrafar Intel 386 da ke kan teburinsa. Kafin 1995 ta ƙare, ana haɗa ta don na'urorin Alpha da wasunsu. Yawan hannaye da yawan na'urori sai ya haifar da sabuwar matsala: wani ya yi gyara a kan tasa na'urar, komai ya yi daidai a wurinsa, alhali ya karya ta wani da bai taɓa gani ba. Idan aka yi wata uku ba a haɗa ba, ranar da aka zo haɗawa kurakurai sun cakuɗe, babu mai iya cewa ga wanda ya jawo wane.

Allon da yake yin ja

Manyan kamfanoni ne suka fara mayar da haɗin kullum doka. Tawagar Dave Cutler da ta gina Windows NT, wadda Microsoft ta fitar a 1993, takan haɗa manhajar a kai a kai, ma'aikatan kuma su yi aikinsu na yau da kullum a kan abin da suka haɗa. Wanda gyaransa ya karya haɗin, shi ake nema ya gyara nan take. Amma duk wannan a cikin gida ake yin sa, na waje ba ya gani.

Ranar 31 ga Maris 1998 kamfanin Netscape ya buɗe tushen manhajarsa ta shiga intanet, aka haifi Mozilla. Tare da tushen, duniya ta ga wani allo da ake kira Tinderbox. Kowace na'urar haɗi tana da layinta a allon: ga ta Windows, ga ta Mac, ga ta Linux. Idan haɗi ya tafi daidai, layin ya yi kore. Idan an haɗa amma gwaji ya faɗi, ya yi ruwan lemo. Idan haɗin ya karye, ya yi ja, kuma a gefe ga sunayen waɗanda suka taɓa tushen tun bayan haɗin da ya gabata. Akwai mai gadi na ranar, wanda yake da ikon rufe ƙofa ya hana kowa shigar da sabon gyara har sai an warkar da jan layin.

Hikimar da ke cikin wannan allo ta wuce fasaha. Maginin da yake aiki a kan Windows ba zai ce ba ruwansa ba idan layin Linux ya yi ja, domin an rufe ƙofa ga kowa har da shi. Samun layi a allon ya zama shaidar cewa masu amfani da wannan babbar manhajar mutane ne da ake lissafi da su. Kowace safiya kuma akan ajiye ƙunshin daren jiya, masu sa kai su sauke su gwada, su kai rahoton abin da suka gani. Ta wannan hanyar aka reni Firefox har ta fito a Nuwamban 2004, kuma har yau tana da reshen haɗin dare da kowa zai iya saukewa.

Daga nan kayan aikin suka yi ta sauƙi. CruiseControl ta fito a 2001. Kohsuke Kawaguchi ya gina Hudson a kamfanin Sun, wadda ta koma Jenkins a 2011. A shekarar ne Travis CI ta fara ba ayyukan buɗaɗɗen tushe na'urorin haɗi kyauta, sannan a 2019 GitHub ta buɗe nata tsarin mai ba da aron na'urorin Linux da Windows da Mac. Abin da a da sai kamfani mai ɗaki cike da kwamfutoci, yanzu mutum biyu masu ƙaramin aiki suna iya samu. Ita ma Debian, rukunin Linux da Ian Murdock ya kafa a 1993, ta daɗe da jera na'urorin da suke haɗa dubban manhajojinta don masarrafai daban-daban, kuma a 2000 ta shigar da masarrafar ARM cikin jerin. Dangin ARM ɗin nan su ne a cikin kusan kowace wayar da ke aljihunmu yau.

Abin da ƙara sabon layi yake ci

Mai kallo daga nesa zai ɗauka ƙara wata babbar manhaja a jerin haɗin dare aikin minti biyar ne. Waɗanda suka yi sun san ba haka ba ne. Linux tana bambanta babban baƙi da ƙarami a sunan fayil, Windows bisa al'ada ba ta bambantawa. Alamar da take raba sunayen ma'ajiyar fayil a ɗayar, juyayyiya ce a ɗayar. Hatta yadda ake nuna ƙarshen layin rubutu ya sha bamban. Manhajar iPhone sai da kayan aikin Apple ake haɗa ta. Android tana buƙatar sa hannu na sirri a kan kowane ƙunshi, kuma idan ma'adanar waya ta cika takan kashe manhajar da aka bari a baya, ko da mutum yana tsakiyar cike fom ne. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sai an zauna an lallaɓa shi.

Wannan ma somin taɓi ne. Ɗora manhaja a sabon wuri sau ɗaya ba shi ne wahalar ba, tsare ta a wurin shi ne aiki, domin tushen ba ya tsayawa, kullum ana taɓa shi. Manomin rani a bakin madatsar Tomas ba ya jiran ranar ɗibar tumatir kafin ya duba ko ruwa yana isa ƙarshen kwami. Kowace safiya yakan zaga, inda ya ga ɓaraka ya toshe tun tana ƙarama. Haka haɗin dare yake. Idan ya karye yau, an san laifin yana cikin gyare-gyaren jiya ne kawai, mai shi kuma bai manta abin da ya rubuta ba. Babbar manhajar da ba ta cikin wannan zagaye takan lalace a hankali babu wanda ya sani, har ranar da za a ce an daina tallafa mata.

Wayoyinmu da sauye-sauyensu

Wayar salula ta GSM ta fara aiki a Nijeriya a Agustan 2001, bayan Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta yi gwanjon lasisi a farkon shekarar. Hukumar nan ce Farfesa Umar Garba Ɗanbatta ya shugabanta daga 2015 zuwa 2023. Tun daga 2001 ɗin, hannun mutanenmu ya riƙe manyan manhajoji daban-daban ba tare da yawancinmu mun san sunayensu ba. Akwai zamanin Nokia, da ƙananan manhajojin Java irin su Opera Mini da 2go. Akwai zamanin BlackBerry. Sai Android, wadda aka gina a kan Linux, ta fito a waya ta farko a 2008, kamfanin Transsion kuma ya cika kasuwannin Afirka da Tecno da itel da Infinix masu sauƙin kuɗi. Ka shiga kasuwar Ɗanbatta ran Lahadi ka duba wayoyin da ke jere a teburin mai caji, za ka ga su suka fi yawa.

Mun ɗanɗana abin da ake ji idan aka cire mutum daga jeri. WhatsApp, wadda tushenta a rufe yake, ta daina tallafa wa BlackBerry a ƙarshen 2017, ta bar ƙananan wayoyin Nokia a ƙarshen 2018. Wayoyin lafiyarsu ƙalau, kamfanin ne ya daina haɗa musu. Mai irin wannan waya ba shi da ta cewa sai dai ya nemi kuɗin sabuwa. Da tushen a buɗe yake, ko ba komai akwai damar wani ya ɗauki nauyin ci gaba da haɗawa.

Misalin buɗaɗɗen tushe da ya fi kusa da mu shi ne ODK, manhajar da ke cikin wayar mai duba aikin rigakafin da muka fara da shi. Kafin Android, maginan manhaja masu tallafa wa aikin lafiya a ƙasashe masu tasowa sun gina JavaRosa, manhajar cike fom mai buɗaɗɗen tushe, don ƙananan wayoyin Java. A 2008 Farfesa Gaetano Borriello na Jami'ar Washington da ɗalibansa, cikinsu har da Yaw Anokwa ɗan asalin Ghana, suka fara ODK. Sun ɗauki injin JavaRosa suka dasa shi a Android, suka samu kyamara da na'urar gane wuri da babban allo. Wayoyin Java sun shuɗe, injin yana nan yana aiki a cikin ODK Collect, da KoboCollect da aka tsiro daga gare ta. Kowane sabon gyara sai ya bi ta na'urar haɗi da gwaji kafin a karɓe shi, kuma akan saki sigar gwaji ga masu sa kai kafin ta isa hannun ma'aikata.

A yaƙin shan inna a Kano da sauran jihohin Arewa, jami'an sa ido sun yi amfani da fom na ODK wajen duba aiki da neman yaran da suka samu shanyewar gaɓoɓi. Ƙungiyar eHealth Africa, wadda aka kafa a 2009 kuma take da babban ofishi a Kano, ta yi aiki a cibiyar ɗaukin gaggawa ta shan inna da kuma tsarin bin sawun tawagogin rigakafi da wayoyi, wanda ya nuna rugage da unguwannin da ake tsallakewa. An ga cutar ta daji, wato nau'inta na asali, karo na ƙarshe a Jihar Kano a Sumaila cikin Yulin 2014, ta sake ɓulla a Borno a 2016, sannan ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita. Nasarar ta matan da suka taka gida-gida ce, da sarakuna da malamai da iyaye. Amma manhajar da ba ta cin amanar ma'aikaci a tsakiyar rana ta ba da nata kason.

Haka labarin DHIS2 yake, wadda alƙaluman asibitocin Nijeriya na wata-wata suke shiga cikinta. Ta fara a Afirka ta Kudu a shekarun 1990 a kan Microsoft Access, ɗaure da Windows. Jami'ar Oslo ta jagoranci sake rubuta ta da Java, aka fara amfani da sabuwar a jihar Kerala ta Indiya a 2006, daga baya ta samu manhajar Android. Ga kuma Kiwix, wadda Emmanuel Engelhart da Renaud Gaudin suka fara a 2007 don karanta Wikipedia ba tare da intanet ba. Gaudin ya yi aiki a Mali, ya san ƙarancin sabis da idonsa. Kiwix ta fara a kwamfuta, ta shigo Android a 2013, kuma tana fitar da haɗin dare don manyan manhajoji da dama.

Inda ba mu da layi

Duk da haka akwai giɓi, kuma ya kamata mu dube shi ido da ido. CyanogenMod, wadda ta fara a 2009, ta yi suna wajen fitar da haɗin dare na Android don tsofaffin wayoyin da kamfanoninsu suka yi watsi da su. Da ta rufe a Disamban 2016, LineageOS ta gaje ta. Ƙa'idarsu ita ce waya tana zama a jeri muddin akwai mai sa kai da yake kula da ita. Ka duba jerin, za ka ga Samsung da Xiaomi da Motorola da Pixel, da wuya ka ci karo da wayoyin da suka cika hannun mutanenmu. Wani ɓangare na dalilin yana wuyan masu ƙera wayoyin da masarrafansu, waɗanda ba su cika sakin abin da ake buƙata ba. Wani ɓangaren kuwa namu ne: ba mu da yawa a cikin masu kula.

Harshe ma haka. Baƙaƙenmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, suna cikin ma'aunin Unicode tun farkon shekarun 1990, amma har yanzu akwai manhajar da take mayar da su akwati ko alamar tambaya, ko ta kasa gano Ɗanbatta a wurin bincike idan an rubuta sunan daidai. Na'urar haɗi ba ta kama irin wannan kuskure sai idan wani ya rubuta mata gwajin da zai kama shi, kuma wanda bai san baƙin ba ba zai rubuta ba. A shekarun 2000 an yi Wazobia Linux a Nijeriya, mai ɗauke da Hausa da Yarbanci da Ibo. Yunƙuri ne abin yabo, amma bai ɗore ba. Fassara ma kamar haɗi take: manhaja tana ƙara sababbin kalmomi kullum, wadda ba a bi ta a kai a kai ba sai ta koma rabi Hausa rabi Turanci.

Abin farin ciki shi ne ƙofar shiga ba ta da tsada. Gwada haɗin dare ba ya buƙatar digiri. Waya ta biyu ake so, wadda ba a ajiye muhimmin abu a ciki ba, domin sigar gwaji tana iya tangarɗa, kuma bai dace a saka ta a wayar da ake tattara bayanan marasa lafiya da ita ba. Sai rahoto mai tsabta: ga irin wayar, ga sigar Android ɗinta, ga abin da na taɓa, ga abin da ya faru. Magini da ke Turai ba shi da itel mai ƙaramar ma'adana, bai san zafin watan Afrilu da yake sa waya ta ɗauke ba, bai san yadda sabis yake zuwa yana tafiya tsakanin Ɗanbatta da Makoɗa ba. Masu gyaran waya na Farm Centre a Kano, waɗanda suke yi wa wayoyi filashin dare da rana, sun fi shi sanin halin waɗannan na'urori. Ɗaliban Jami'ar Bayero, da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, da na Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Ɗanbatta, suna iya ɗaukar manhaja guda su ce mu ne masu gwada ta a wayoyin nan, mu ne masu kula da Hausarta a dandalin fassara irin su Weblate da Pontoon da translatewiki.

Tarihin nan na shekaru hamsin ya nuna cewa babu babbar manhajar da ta samu layi a allo don an ji tausayinta. Wasu ne suka kawo na'ura, suka gyara abin da ya karye, suka amsa kira duk ranar da layin ya yi ja. Malaman sashen kwamfuta a makarantunmu suna da damar mayar da wannan aikin kwas: kowane ɗalibi ya kai rahoton kuskure guda na gaske, ko ya rubuta gwaji guda da zai kare baƙaƙen Hausa, a ba shi maki a kan abin da aka karɓa. Idan aka yi haka shekara biyar a jere, za a samu matasan da manyan ayyukan buɗaɗɗen tushe suka san sunayensu, kuma wayar talakan Kano za ta shiga cikin abin da ake dubawa kafin a saki kowace sabuwar siga.